Yadda Ake Warware Tambayoyin Faɗowar Abu Daga Sama a Fiziks

Idan lokacin WAEC da NECO da JAMB ya ƙarato, yaranmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 sukan cika ajin darasin yamma, kuma cikin tambayoyin fiziks da suke kawowa ba a rasa ta dutsen da aka saki daga saman bene, ko ta ƙwallon da aka cilla sama. Mafi yawansu sun haddace fomula tsaf. Abin da ke ba ni takaici shi ne yaro ya san fomular, ya iya lissafin, amma ya rasa makin saboda alama guda: ya sa tarawa inda ya kamata ya sa debewa. Wannan jagora kusan dukkanta a kan wannan alamar take. Wanda ya zaɓi ɓangaren da zai kira "+" tun farko, ya tsaya a kai har ƙarshen aiki, ya gama da mafi wuyar wannan darasi.

Abin da ake nufi da faɗowa zalla

A fiziks, abu yana cikin faɗowa zalla ne idan babu wani ƙarfi da ke aiki a kansa sai jan ƙasa kaɗai, wanda wasu ke kira maganaɗisun ƙasa. Ba igiya, ba inji, ba hannun da ke tura shi, kuma an yi watsi da turjiyar iska. Ka lura da abu ɗaya tun yanzu: ƙwallon da aka jefa sama ma yana cikin faɗowa zalla tun daga lokacin da ya bar hannu, ko da kuwa hawa yake yi. Hannu ya gama aikinsa, saura jan ƙasa.

Jan ƙasa yana sauya gudun abu da adadi guda a kowane sakan, kuma kullum zuwa ƙasa. Wannan adadi shi ake rubutawa da harafin g. Kusa da doron ƙasa g ya kai kimanin 9.8 m/s², wato kowane sakan gudun abin da ke faɗowa yana ƙaruwa da mita 9.8 a sakan. A nan Legas, da yake muna kusa da layin tsakiyar duniya, g ya ɗan gaza haka, kimanin 9.78 ne, alhali a ƙuryar arewa da ta kudu ta duniya ya kai kimanin 9.83. Dalili biyu ne: juyawar duniya, da kuma kumburin da ta yi a tsakiyarta, wanda ya ɗan nisanta mu daga cibiyarta. A jarrabawa dai yawanci za a ce ka ɗauki g a matsayin 10 m/s², kuma da shi za mu yi aiki a nan. Amma kullum ka duba ƙarshen tambaya. Idan an ba ka 9.8, da 9.8 za ka yi.

Nauyin abu ba ya shiga lissafin ko kaɗan. Wannan yakan yi wa mutane wuyar yarda, kuma ba abin mamaki ba ne, domin shekaru aru-aru malamai suna bin ra'ayin Aristotle, masanin tsohuwar Girka, cewa abu mai nauyi ya fi saurin faɗowa. Galileo na Italiya ne ya rushe wannan. Labarin cewa ya saki abubuwa daga hasumiyar Pisa masana tarihi suna shakkarsa. Abin da ya tabbata shi ne ya riƙa gangarar da ƙwallaye a kan katako mai gangara don ya rage saurin tafiyar har ya iya auna lokaci, kuma ya wallafa sakamakon a 1638. A 1971, ɗan sama-jannatin Amurka David Scott na kumbon Apollo 15 ya saki guduma da gashin shaho tare a duniyar wata, inda babu iska, suka taɓa ƙasa lokaci guda. Kai ma za ka iya gwadawa a ɗaki: ɗora guntun takarda a kan littafi mai kauri, takardar ba ta wuce faɗin littafin ba, ka saki. Tare za su sauka, domin littafin ya kare takardar daga iska.

Haruffa biyar da fomula huɗu

Kowace tambaya a kan haruffa biyar take yawo. u shi ne gudun farko. v gudun ƙarshe. a ƙaruwar gudu, wadda a wannan darasi g ce kullum. t lokaci. s kuma gusawa, wato tazarar da ke tsakanin inda abu ya fara da inda yake yanzu, tare da ɓangaren da ya gusa.

Wannan s ɗin yana bukatar a tsaya a kansa. Ba tsawon hanyar da abu ya bi ba ne. Idan ka jefa lemo sama ya hau mita 5 ya dawo hannunka, ya yi tafiyar mita 10, amma s sifili ne, domin ya koma inda ya tashi. Fomulolin gusawa suke ganewa, ba su san tsawon hanya ba.

Ga fomulolin:

v = u + at

s = ut + ½at²

v² = u² + 2as

s = ½(u + v)t

Ta farko bayanin ma'anar a ce kawai: gudun farko, a ƙara masa abin da ya ƙaru cikin sakan t. Ta huɗu kuwa tana cewa tunda gudu yana ƙaruwa daidai wa daida, matsakaicin gudu shi ne rabin jimlar na farko da na ƙarshe, sai a ninka da lokaci. Idan ka zuba ta farko a cikin ta huɗu, ta biyu za ta fito. Idan ka kawar da t tsakaninsu, ta uku za ta fito. Ina so kowane ɗalibi ya yi wannan da hannunsa ko sau ɗaya ne, domin ranar da fomula ta ɓace masa a ɗakin jarrabawa zai iya sake gina ta.

Kowace fomula akwai harafi ɗaya da ba ta ɗauke da shi. Ta farko ba s. Ta biyu ba v. Ta uku ba t. Ta huɗu ba a. Wannan shi ne sirrin zaɓe, za mu dawo kansa.

Mataki na farko: zana hoto

Kada ka taɓa fomula kafin ka zana. Layi ɗaya a tsaye ya isa. Sa ɗigo inda abin ya fara tafiya, ka rubuta "0" a gefensa, domin daga nan ake auna s. Sa wani ɗigon inda tambaya take son ka tsaya. Sakan goma zai ɗauke ka, kuma rabin kurakuran da ake yi a nan suke mutuwa.

Mataki na biyu: zaɓi ɓangaren "+" ka tsaya a kansa

Zana kibiya a gefen hoton ka sa mata alamar +. Kana da 'yancin zaɓen sama ko ƙasa, duka biyun za su ba da amsa daidai. Abin da ba ka da 'yancinsa shi ne sauya ra'ayi a tsakiyar aiki.

Shawarata ita ce: idan abin sakinsa aka yi ko jefa shi ƙasa aka yi, kuma tafiyarsa duk ƙasa ce, ɗauki ƙasa a matsayin +. Komai zai zama mai alamar tarawa, a = +10. Idan kuwa akwai hawa a ko'ina cikin tafiyar, ɗauki sama a matsayin +. A nan a = −10, daga farkon tafiya har ƙarshenta: yana hawa −10 ne, yana ƙololuwa −10 ne, yana saukowa −10 ne. Wasu littattafai suna koyar da cewa g debewa ne a hawa, tarawa ne a sauka. Ana iya aiki da hakan idan an raba tafiyar gida biyu, amma ita ce hanyar da na ga ta fi kayar da ɗalibai, kuma ba na koyar da ita.

Ka ɗauki g kamar mai karɓar adashi da ke zuwa kowane sakan ya karɓi goma. Ka jefa dutse sama da gudun 30. Bayan sakan ɗaya saura 20, bayan biyu saura 10, bayan uku sifili. Mai adashi bai daina zuwa ba don aljihu ya ƙare: a sakan na huɗu ana −10, a na biyar −20. Wannan alamar debewa tana gaya maka dutsen ya juyo yana saukowa.

Daga nan amsar wata tambaya da JAMB da WAEC suke so ta fito fili. A ƙololuwar tafiya gudu sifili ne, amma ƙaruwar gudu ba sifili ba ce, tana nan 10 m/s² zuwa ƙasa. Da a ce ta zama sifili, da dutsen ya tsaya cak a sararin sama bai dawo ba.

Mataki na uku: jera abin da aka ba ka

Rubuta u, v, a, s, t a jere, ka cike waɗanda ka sani tare da alamominsu, ka sa alamar tambaya a kan wanda ake nema. Dole ka sami uku kafin ka iya aiki. Sau da yawa lamba ɗaya ko biyu kawai za ka gani a rubuce, sauran suna ɓoye cikin kalmomi. Idan an ce an saki abu, ko ya faɗo daga inda yake a ajiye, u = 0. Idan an ce mafi tsayin da ya kai, v = 0 a wannan wuri. Idan an ce ya dawo inda aka jefa shi, s = 0. a kuwa kullum kana da ita.

Gargaɗi ɗaya: gudun da abu ya taɓa ƙasa da shi ba sifili ba ne. Yara da yawa sukan sa v = 0 wai don dutsen ya tsaya a ƙasa. Tsayuwar aikin ƙasa ce da ta tare shi, kuma a lokacin faɗowa zalla ta riga ta ƙare. v da muke nema shi ne gudunsa daf da ya taɓa.

Nan ne kuma wurin gyara awo. Santimita a mai da shi mita, minti a mai da shi sakan. Kilomita a awa kuwa a raba da 3.6 a sami mita a sakan.

Mataki na huɗu da na biyar: zaɓi fomula, yi lissafi

Duba jerinka. Akwai harafi ɗaya da ba a ba ka ba, ba a kuma tambaye ka ba. Ɗauki fomular da ba ta ɗauke da shi. Shi ke nan. Sannan ka zuba lambobi, kowace mai alamar debewa ka sa ta cikin baka don kada alamar ta salwanta.

Bari mu gani a aikace, daga mai sauƙi.

Kwakwa ta tsinke daga bishiya mai tsayin mita 20 a Badagry. Sakan nawa za ta yi kafin ta taɓa ƙasa, kuma da wane gudu? Tafiyar duk ƙasa ce, don haka ƙasa +. u = 0, a = 10, s = 20. Don neman t, harafin da ba ruwanmu da shi v ne, sai fomula ta biyu: 20 = 0 + ½(10)t², wato 5t² = 20, t² = 4, t = sakan 2. Gudu kuma v = 0 + 10(2) = 20 m/s. Ninka da 3.6 ka ga kilomita 72 a awa. Shi ya sa ba a shimfiɗa tabarma a gindin kwakwa.

Na biyu daga baya ake fara shi. A kasuwar Mile 12 wani yaro zai cilla wa ɗan dako da ke saman tirela ledar ruwa, kuma hannun mai karɓa ya fi na mai jifa tsayi da mita 3.2. Mene ne mafi ƙarancin gudun da zai jefa ta da shi? Akwai hawa, sama +. Mafi ƙaranci yana nufin ledar ta iso hannun daidai lokacin da gudunta ya ƙare, v = 0. a = −10, s = +3.2. Ba ruwanmu da t, fomula ta uku: 0 = u² + 2(−10)(3.2), u² = 64, u = 8 m/s.

Tambayar da ke raba ɗalibai

Ga wadda na fi so a zauna a kanta, domin duk wanda ya gane ta ya gane darasin.

Mutum yana tsaye a kan rufin bene mai tsayin mita 25, ya cilla ƙwallo sama da gudun 20 m/s. Ƙwallon ya hau, ya juyo, ya wuce gefen rufin ya faɗa ƙasa. Nemo lokacin tafiyar gaba ɗaya da gudun da ya taɓa ƙasa da shi.

Zana. Ɗigon farko a kan rufi yake, nan ne sifili. Sama +. u = +20, a = −10. To s fa? Ƙwallon ya ƙare tafiyarsa mita 25 a ƙarƙashin inda ya fara, don haka s = −25. Wannan debewar ita ce dukkan tambayar. Wanda ya rubuta +25 yana tambayar yaushe ƙwallon zai kai mita 25 a saman rufin, abin da ba zai taɓa faruwa ba, kuma kalkuletarsa za ta ƙi ba shi amsa.

−25 = 20t + ½(−10)t²

−25 = 20t − 5t²

Kwashe komai zuwa gefe ɗaya ka raba da 5:

t² − 4t − 5 = 0

(t − 5)(t + 1) = 0

t = 5 ko t = −1. Lokacin tafiya sakan 5 ne. Gudu: v = 20 + (−10)(5) = −30 m/s, wato mita 30 a sakan zuwa ƙasa.

Ka ga ba mu raba tafiyar gida biyu ba, layi ɗaya ya ɗauke hawa da sauka. Amma raba ta hanya ce mai kyau ta tabbatar da amsa. Hawa: daga 20 zuwa sifili, sakan 2. Tsayin da ya ƙara: 0 = 400 − 20s, s = mita 20 a saman rufi, wato mita 45 daga ƙasa. Sauka daga mita 45 da gudun farko sifili: 45 = 5t², t = 3. Biyu da uku biyar. Amsa ta zauna. Idan kuma aka tambayi tsawon hanyar da ya bi, 20 hawa da 45 sauka, mita 65 ke nan, alhali gusawarsa −25 ce.

Ita t = −1 ɗin da muka jefar, ba shirme ba ce. Tana cewa da a ce daga ƙasa aka harbo ƙwallon da gudun 30 m/s sakan ɗaya kafin agogonmu ya fara, da ya iso rufin daidai da gudun 20. Gwada: 30(1) − 5(1)² = 25. Fomula ba ta san akwai mutum a kan rufi ba, layin tafiyar kawai ta sani. Mu ne muka san labarin ya fara daga t = 0, don haka muka ɗauki 5.

Wani lokaci kuma amsoshin biyu duka daidai ne, kada ka yi saurin jefar da ɗaya. A wannan jifar, yaushe ƙwallon yake mita 15 a saman rufi? 15 = 20t − 5t², wato t² − 4t + 3 = 0, t = 1 da t = 3. A sakan 1 yana hawa da gudun +10, a sakan 3 yana saukowa da −10. Wuri ɗaya, girman gudu ɗaya, ɓangare ne ya bambanta. Haka abin yake a kowane tsayi, shi ya sa lokacin hawa yake daidai da lokacin dawowa wurin jifa, kuma abu yakan dawo hannu da gudun da ya bar shi.

Haka nan idan ka yi amfani da fomula ta uku don neman v, ka tuna v² = 900 tana da amsa biyu, +30 da −30. Kalkuleta amsa mai alamar tarawa kawai za ta nuna maka. Hotonka ne zai gaya maka wacce za ka ɗauka.

Tarkuna uku da ake yawan ɗanawa

Na farko, abin da ya kuɓuce daga wani abu mai tafiya. A wurin gini ana jan bokitin siminti sama da gudun 5 m/s, yana mita 30 daga ƙasa sai tsakuwa ta zame daga bakinsa. A jarrabawa sau da yawa balan-balan mai hawa ake sawa, lissafin ɗaya ne. Kalmar "ta zame" takan sa yara su rubuta u = 0. Kuskure ne. Tsakuwar tana tafiya tare da bokitin, don haka ta rabu da shi da gudun +5, za ta ma ɗan ƙara hawa kafin ta juyo. −30 = 5t − 5t², t² − t − 6 = 0, (t − 3)(t + 2) = 0, t = sakan 3. u = 0 sai idan abin da ya riƙe ta a tsaye yake.

Na biyu, bambanci tsakanin "cikin sakan 3" da "cikin sakan na 3". Dutsen da aka saki yana faɗo mita 45 cikin sakan 3 na farko. Amma cikin sakan na uku kaɗai, sai ka debe abin da ya faɗo cikin sakan 2, wato 45 − 20 = mita 25. Jera su ka gani: sakan na farko mita 5, na biyu 15, na uku 25, na huɗu 35. Raba kowanne da 5 ka sami 1, 3, 5, 7. Wannan jerin lambobin mara shi ne abin da Galileo ya gano a kan katakonsa. Wanda ya riƙe 5, 20, 45, 80, 125 a ka, wato jimlar nisan faɗowa bayan sakan 1 zuwa 5, zai amsa tambayoyin zaɓi da yawa na JAMB ba tare da ya taɓa biro ba, kuma a jarrabawar da lokaci ke gudu a kan kwamfuta wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Na uku, abubuwa biyu a tambaya ɗaya. An saki dutse daga tsayin mita 60, a daidai lokacin aka harba wani daga ƙasa da gudun 30 m/s. Ina za su haɗu? Dabarar ita ce a auna duka biyun daga wuri ɗaya da kibiya ɗaya. Ɗauki ƙasa a matsayin sifili, sama +. Tsayin na farko: 60 − 5t². Tsayin na biyu: 30t − 5t². Haɗuwa tana nufin tsayinsu ɗaya ne, sai 5t² ta kashe 'yar'uwarta, saura 60 = 30t, t = 2. Tsayi: 60 − 20 = mita 40 daga ƙasa. Idan an ce an harba na biyun bayan sakan ɗaya, lokacinsa ya zama (t − 1), sauran aikin bai sauya ba.

Akwai kuma abin da aka jefa a kwance, kamar ƙwallon da ya gangaro daga kan tebur. Gudunsa na gefe ba ya shafar lokacin faɗowa. Lissafin sama da ƙasa u = 0 ne, kamar sakinsa aka yi.

Mataki na shida: tambayi amsarka

Kafin ka wuce, duba abu uku. Akwai awo a jikin lambar? Alamar ta dace da hoton? Kuma lambar ta yi kama da abin da ido ya saba gani? Abin da ya faɗo daga kan tebur bai kai rabin sakan ba. Daga mita 5, sakan ɗaya. Idan lissafinka ya ce dutse ya yi sakan 40 daga saman bene, ka manta ɗaukar tushen lamba, t² ka rubuta a matsayin t. Wannan da manta rabin da ke cikin ½at² su ne kurakuran gaggawa da suka fi yawa.

A takardar rubutu ta WAEC da NECO, ka rubuta fomular, ka nuna zuba lambobin, sannan amsa da awonta. Ana ba da maki a kan matakai, kuma wanda ya yi tsalle zuwa amsa ya yi kuskure bai bar wa mai duba takarda abin da zai ba shi maki a kai ba.

Gwaji da rula

Ina son ɗalibi ya taɓa g da hannunsa, kuma rula ta santimita 30 ta isa. Abokinka ya riƙe ta a tsaye, kai ka buɗe yatsu biyu daidai kan sifili, ya saki ba tare da ya faɗa maka ba, ka cafke. Idan ka kama a kan santimita 20, s = 0.2, sai 0.2 = 5t², t² = 0.04, t = sakan 0.2. Wannan shi ne lokacin da ya ɗauka tsakanin idonka ya gani da hannunka ya motsa. Ku yi sau da yawa ku ɗauki matsakaici.

Iyakar waɗannan fomuloli

Duk abin da muka yi ya dogara ne a kan cewa a ba ta sauyawa. A zahiri iska tana turjiya, kuma turjiyar tana ƙaruwa da ƙaruwar gudu, har ta kai inda take daidai da nauyin abin, daga nan gudu ya daina ƙaruwa. Mai dirowa daga jirgi kafin ya buɗe lema, idan ya baje jikinsa, gudunsa yakan tsaya a kusan 55 m/s. Manyan ɗigon ruwan sama ba sa wuce kimanin 9 m/s, da babu iska kuwa da ruwan damina na Legas ba ya shiguwa. Ginin NECOM da ke Marina ya kai kimanin mita 160. Fomula ta ce abin da aka saki daga wannan tsayi zai yi sakan 5.7 ya iso da gudun kusan 57 m/s. Ga dunƙulen ƙarfe amsar ta kusa gaskiya, ga ƙwallon roba mara nauyi ta yi nisa da ita ƙwarai. Ga dutse ko kwakwa daga tsayin 'yan mitoci, bambancin ƙanƙane ne, shi ya sa tambaya take cewa a yi watsi da turjiyar iska.

Ga huɗu ka gwada, da g = 10 m/s² sai inda aka faɗi wani. Zana hoto da kibiya a kowacce kafin ka duba amsa.

An saki dutse daga tsayin mita 80. Nemo lokaci da gudun isowa ƙasa. Amsa: sakan 4, 40 m/s.

An cilla ƙwallo sama ya dawo hannu bayan sakan 6. Nemo gudun jifa da mafi tsayin da ya kai. Amsa: 30 m/s, mita 45.

An jefa dutse ƙasa da gudun 5 m/s daga tsayin mita 30. Nemo lokaci da gudun ƙarshe. Amsa: sakan 2, 25 m/s.

A duniyar wata g kimanin 1.6 m/s² ne. Sakan nawa guduma za ta yi idan aka sake ta daga mita 20? Amsa: sakan 5.